Abin da Sauron Garki Ya Koya wa Gwamnatoci

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa. Makaminta shi ne fesa DDT a bangon ɗakuna. Madogararta kuma lissafin wani masani ɗan Birtaniya, George Macdonald, wanda ya nuna cewa in aka gajarta ran sauro, ƙwayar cutar ba za ta samu lokacin nuna a cikinsa ba, balle ya kai ta jikin wani. Dabarar ta ci a kudancin Turai da wasu sassan Asiya. A wajenmu kuwa ta cije. Gwajin da aka yi a yankin Birnin Kebbi cikin shekarun 1950 ya gamu da sauron da maganin dieldrin ya daina kashewa. Zuwa 1969 hukumar ta sassauta burinta, aka bar wata tambaya a ƙasa: aikin ne ba a yi da kyau ba, ko kuwa makamin ne bai isa ba?

Don amsa wannan tambaya hukumar da gwamnatin Nijeriya suka zaɓi Garki. Ba Garkin Abuja muke nufi ba, ta Jigawa ce, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. An yi aikin daga 1969 zuwa 1976. Kafin a fesa komai, sai da aka kwashe shekara ɗaya da rabi ana ƙirga kawai. Duk bayan mako goma a ɗebi jinin mutanen wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka a duba, da dare kuma a kama sauro a ƙidaya. Daga 1972 zuwa 1973 aka fesa maganin propoxur a ƙauyuka fiye da ɗari, a wasu kuma aka haɗa da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa, mai lafiya da maras lafiya. Wasu ƙauyukan aka bar su yadda suke don a samu abin kwatantawa.

Inda aka haɗa feshi da ƙwaya akai-akai, masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta tsaya ba. Feshi shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, lissafin farko ya ɗauka duk sauron da ya ci jini zai sauka a bango ya huta. Ashe wani kaso na sauron savana da ya ƙoshi waje yake ficewa, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Da aka janye, cutar ta koma gidan jiya. A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da cikakken rahoton a matsayin littafi.

Nan ne, a ganinmu, labarin ya fi nauyi. Binciken da ya ce "ga maganin" yana da sauƙin shiga ofishin minista, don akwai abin ƙaddamarwa, akwai hoton da za a ɗauka. Na Garki cewa ya yi, ko da kuɗi da ƙwararru, wannan hanya ba za ta kashe cutar a nan ba. Gwamnatoci sun ji, amma rabin saƙon suka ɗauka. Aka bar maganar kawarwa, aka koma kan jinyar wanda ya kamu, daidai da tsarin kiwon lafiya na matakin farko da taron Alma-Ata na 1978 ya kawo. Ɗaya rabin, wato cewa ana iya rage cutar sosai muddin ba a ɗaga ƙafa ba, ya kwanta a kan kanta. Cikin shekarun 1980 kulorakwin ya fara gazawa a Afirka ta Yamma, kuma yara ne suka biya kuɗin wannan sanyin jiki. Sai a Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka sake ɗaukar alkawari a kan cutar.

Manufofin da muke gani yau daga wasu gwaje-gwajen suka fito. Gidan sauro mai magani ya samu karɓuwa bayan binciken da aka yi a Gambiya ya nuna yana rage mutuwar yara. Ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata a lokacin damina, daga Katsina har Maraɗi, shawara ce da hukumar ta bayar a 2012 bayan gwaje-gwaje a Senegal da Mali da Burkina Faso. Duka biyun ba su yi alkawarin kawar da cutar ba, ragewa suke yi, kuma sai an maimaita.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja akwai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. An shigar da bayanan Garki cikin kwamfuta tun a wancan zamani, kuma a 1974 Klaus Dietz da abokan aikinsa suka gina tsarin lissafin yaɗuwar cutar a kansu. Bayanan ba su ɓace ba. Shekaru talatin bayan haka, masana a birnin Basel na Suwizalan sun yi amfani da su wajen daidaita manhajar kwaikwayon cutar, irin wadda ake tuntuɓa kafin a yanke shawarar inda za a kai gidan sauro ko allurar rigakafi. A cikin lambobin da manhajar ta koyi aiki da su akwai jinin manoman Garki da 'ya'yansu, waɗanda suka riƙa miƙa yatsa duk bayan mako goma.