Auna ɗabi'ar rarraba shara

Auna ɗabi'ar rarraba shara wani reshe ne na binciken halayyar ɗan Adam da ke neman gano ko mutane suna ware kwalabe, gwangwanaye, robobi da takardu daga sauran shara domin a sake sarrafa su. Hukumomin birane na amfani da sakamakonsa wajen tsara kwasar shara, don haka alƙaluman da suka kauce na iya jawo asarar kuɗi.

Takardar tambayoyi

Ita ce hanyar da aka fi bi, saboda arha. Ana tambayar mutum sau nawa yake ware shararsa, galibi bisa ƙa'idar da Icek Ajzen ya shimfiɗa a 1991, wadda ke danganta aiki da niyyar mai shi. Rauninta shi ne mantuwa, da kuma son a ga mutum da kyan hali.

Duba kwandon shara

A 1973 William Rathje, masanin kayan tarihi a Jami'ar Arizona ta Amurka, ya fara wani aiki a birnin Tucson inda ɗalibai ke zazzage sharar gidaje, suna ƙirgawa suna aunawa. An kuma yi wa mazauna unguwannin tambayoyi. Baki da kwando ba su zo ɗaya ba: gwangwanayen giya da aka tarar sun zarce abin da mutanen suka ce sun sha nesa ba kusa ba. A 1997 Víctor Corral-Verdugo ya ga irin wannan giɓi a arewacin Meksiko, wannan karon a kan sake sarrafa kaya. Wani nazari na Christine Kormos da Robert Gifford a 2014, da ya tattara bincike da dama, ya nuna alaƙar faɗa da aikatawa matsakaiciya ce kawai.

Duba kwandon ma yana da nasa naƙasu. Kwando na gida ne gaba ɗaya, ba ya nuna wanda ya jefa abu a ciki. Nauyi kaɗai yana ruɗarwa, domin kwandon robobi da aka cakuɗa da ragowar abinci yakan yi nauyi alhali ya lalace. Mutane kuma sukan gyara hali da zarar sun san ana lura da su.

A birane irin su Kano, ƙarafa da robobi da yawa suna bi ta hannun 'yan gwangwan da 'yan bola jari ne, don haka awon da ya tsaya a kwandon ƙofar gida ba zai kama su ba.