Punch da Judy a Bakin Tekun Birtaniya: Yadda 'Yan Kallo Suka Sake Ƙera Wasan 'Yan Tsana

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wasan 'yan tsana na Punch da Judy daga titunan Landan zuwa rairayin bakin teku. Hujjarta ita ce, abin da ya raya wasan fiye da shekara 350 shi ne yadda ake biyan mai yin sa. Sai an gama kallo ake ba shi abin da ya sawwaƙa, don haka 'yan kallo ne suke yanke abin da zai zauna a cikin wasan da abin da zai fita.

Asali

Ranar 9 ga Mayu 1662 Samuel Pepys ya rubuta a kundin ajiyarsa cewa ya kalli wasan 'yan tsana na wani Ba'italiye a dandalin Covent Garden. Masana sun tafi a kan cewa mai wasan shi ne Pietro Gimonde, tauraron wasan kuma Pulcinella, wawan wasan kwaikwayon birnin Naples mai ƙusumbi da lanƙwasasshen hanci, wanda Ingilawa suka mayar Punch. A lokacin, da zare ake motsa shi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ya koma ɗan tsanan da ake zura wa hannu, cikin 'yar rumfar da mutum ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa. Matarsa, wadda a da ake kira Joan, ta zama Judy.

Komawa ɗan tsanan hannu ta taɓa labarin kansa. Mai wasa hannu biyu gare shi, kuma Punch ba ya barin hannun dama. Ke nan kowane ɗan tsana zai hau hannun hagu, ya yi taƙaddama da Punch, sannan a nemi hanyar kawar da shi don wani ya samu wuri. Hanya mafi sauri ita ce sanda. Haka jerin ya ginu: jariri, Judy, likita, ɗan sanda, hauni, daga ƙarshe Shaiɗan. A 1828 aka buga rubutaccen wasan na farko, wanda John Payne Collier ya ce ya ɗauko daga bakin Giovanni Piccini, da zane-zanen George Cruikshank. Ana taka-tsantsan da wannan matani domin daga baya an kama Collier da ƙirƙirar takardun adabi na bogi, amma zane-zanen sun nuna wasa ne na manya a kan titi, mai kaushi, inda Punch ke yaudarar hauni ya rataye kansa.

Hijira zuwa gaɓa

Jirgin ƙasa ne ya kai Punch teku. Layin dogo ya isa Brighton a 1841, ya isa Blackpool a 1846. Dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba ma'aikata kwanakin da za su fita da iyalansu, garuruwan masaƙu na Lancashire kuma suna rufe masana'antu mako guda a shekara, jama'a su kwarara bakin ruwa. Dokar hutu da albashi ta 1938 ta ƙara faɗaɗa abin. Masu wasa sun bi taro inda ya tafi. Zuriyar Codman ta kafa rumfa a Llandudno, arewacin Wales, tun shekarun 1860, kuma Weymouth da ke kudancin Ingila na cikin 'yan wuraren da har yanzu ake kafa rumfar a kan yashi kowane lokacin zafi.

Taron bakin teku ya bambanta da na titi. Mai wucewa a titi yana tsayawa minti kaɗan ya yi gaba. A gaɓa kuwa yara ne ke zaune a gaba, iyaye na tsaye a baya, kuma aljihun da kuɗin zai fito na iyayen ne. Mai wasa, wanda a al'adar sana'ar ake yi wa laƙabi da Farfesa, yana da mataimaki da ke zagayawa da jaka ko kwalba yana karɓar taro da sisi. Idan uwa ta ɓata rai ta ja ɗanta, an yi asarar wannan kuɗi nan take. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani mai wasan ya shaida wa Henry Mayhew, marubucin *London Labour and the London Poor*, cewa wasu gidajen masu hali da ke gayyatarsa ba sa son a fito da fatalwa ko akwatin gawa ko Shaiɗan, shi kuma yana yi musu yadda suke so. Abin da ya fara a falon attajirai shi ya zama ruwan dare a bakin teku.

Za a iya karanta tarihin ɗabi'un Birtaniya daga waɗanda suka shiga rumfar da waɗanda suka fita. Kada ya shigo a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya ƙwace matsayin dodon wasan daga hannun Shaiɗan, ya zo da rigimar naman sosej da yara suka fi so. Wawan wasa Joey, wanda aka sa wa sunan Joseph Grimaldi, ya zama abokin zolaya da sanda ba ta samu. Polly, farkar Punch, ta ɓace. An ajiye ɗan tsanan baƙar fata da ake yi wa izgili, kuma ajiye shi daidai ne. A Yaƙin Duniya na Biyu an rataye Hitler a rumfuna da dama. Bayan 1965, da aka daina hukuncin kisa kan laifin kisan kai, hauni ya yi ƙaranci, domin yara ba su ma san mene ne aikinsa ba. Karen gaske da ake kira Toby, mai zama a bakin rumfa, shi ma ya koma na katako da ƙyalle.

Abin da bai canja ba

Murya ce ta tsaya. Mai wasa na sa wani ɗan abu da ake kira suwazil a ganɗarsa, ƙarafa biyu ƙanana da aka ɗaure da zaren auduga, ya riƙa magana ta cikinsa, sai sauti ya fito da ƙara mai tsini. Da ya juya ga wani ɗan tsanan sai ya ture shi da harshe ya yi magana da muryarsa, cikin ƙiftawar ido. Koyon wannan na ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma 'yan sana'ar da yawa ba sa lissafa wanda bai iya ba a cikinsu. Da yake maganar Punch ba ta fita sosai, sauran 'yan tsanan kan maimaita abin da ya ce, yara kuma su shiga tsakani da ihu: su tona masa asiri, su gargaɗe shi cewa kada yana bayansa. Wannan shi ne ginshiƙin farin jininsa a ganina. Yaron da kullum ake ce wa ya yi shiru, a nan ana roƙonsa ya ɗaga murya, har ya ƙaryata babba.

Masana sun saɓa kan fassarar wasan. George Speaight, a littafinsa na 1955 kan tarihin wasan 'yan tsana a Ingila, ya jingina Punch ga tsohuwar al'adar wawan dandali. Robert Leach, a 1985, ya karanta shi a matsayin boren talaka ga aure da hukuma da addini. Fassarar Leach ta dace da wasan titi na zamanin Piccini, amma ba ta isa ta bayyana abin da ke riƙe ɗan shekara biyar a kan yashi ba.

Batun duka

Ba a yau aka fara ƙorafi ba. A 1849 Charles Dickens ya amsa wasiƙar wata mata da ta nemi goyon bayansa wajen adawa da wasan, ya ce bai ga cutarwa a cikinsa ba, kuma mayar da shi wa'azi zai kashe shi. Duk da haka ƙorafin na yau yana da nauyi: miji na dukan matarsa, ana dariya, kuma cikin masu kallo akwai yaran da suka san wannan a gida. Cewa katako ne ba ya jin zafi amsa ce rabi. Masu wasa da yawa sun riga sun gyara: Judy na ramawa ko ta fara, jariri ba ya mutuwa, sandar ta fi ƙara fiye da illa. Ina ganin wannan hanya ta fi hani amfani, kuma ita ce hanyar da wasan ya bi tun farko.

Barazanar da ta fi girma ta kuɗi ce. Tun shekarun 1960 jiragen sama masu rahusa suka karkatar da masu hutu zuwa Sifaniya. Mai rumfa yana neman izinin ƙaramar hukuma, yana fama da ruwan sama da cikar teku, ga mutane sun rage yawo da tsabar kuɗi. An kafa ƙungiyar masu wasan a 1980, hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki mai hotunan 'yan tsanan a 2001, an kuma yi babban bikin cika shekara 350 a Covent Garden a 2012. Amma yawancin Farfesoshin yau a makarantu da bukukuwan gari da shagalin ranar haihuwa suke samun abinci, inda mai gayya ke biya tun kafin a fara. A can mutum ɗaya ne ke yanke abin da ya dace, ba taron da ke jefa kuɗi a jaka ba, kuma wannan sabon matsi ne da ya cancanci bincike na musamman.