Ƙwaƙwalwa

ƙwaƙwalwā (sama-sama-sama), sn., mc.; jm. ƙwaƙwale.

1. Mazaunin hankali da hadda cikin ƙoƙon kai: gardin Bebeji mai kaifin ~.

2. (kwamf.) Inda kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki, wanda a zamanin MS-DOS haddinsa na asali bai wuce kilobait 640 ba: ~ ta cika, injin mai buga takardu a Kiru ya yi nauyi.

3. ~r aro: hikimar da aka fara a na'urar Atlas, Ingila, 1962, wadda, sa'ad da wuri ya ƙure, takan kwashe abin da ba a buƙata nan take zuwa faifai, tamkar manomin Doguwa mai kai rarar masara rumbu, illa dai ɗebowa daga faifai akwai jinkiri ƙwarai.

Dub. ƙwalwā.