Allurar rigakafin mura ga masu kula da tsofaffi

Murar da ake magana a kai ita ce wadda likitoci ke kira "grippe", mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki. Saurayi kan warke cikin mako guda, amma tsoho tana iya sauka masa a huhu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290.000 zuwa 650.000 a shekara. Mai ɗauke da ita kan harbi wasu tun kwana guda kafin ya ji ciwo, shi ya sa OMS ta sa ma'aikatan lafiya cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa allura. Ana sake ta duk shekara domin ƙwayar cutar na sauyawa, kuma sai bayan kamar mako 2 take fara kare jiki.

Tilastawa ce ake gardama a kanta. A Faransa, doka ta wajabta wa ma'aikatan asibitoci da gidajen tsofaffi allurar mashaƙo, tetanos, shan inna da ciwon hanta B. An taɓa sa mura cikin jerin, sai gwamnati ta dakatar a 2006.

A Matameye kuwa, tsofaffi suna gida ne, hannun ƴaƴa da surukai da jikoki, kuma wata doka ba ta kai can. Idan hunturu ya kama, mai tari da zazzaɓi ya bar wa wani kai wa tsoho abinci. Idan numfashin tsohon ya fara sarƙewa, a kai shi CSI ranar, kada a jira gobe.