Daga Turke Zuwa Takarda: Sanin Doki a Damargu

Damargu ƙasar gero ce tun fil azal. Tana shimfiɗe a arewacin Damagaram, daga Tanut, wadda ke nisan kusan kilomita 150 daga birnin Zinder, zuwa Belbeji ta yamma, wadda aka yanke daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzinawa, nan ayarin gishiri ke yada zango kafin ya gangara ƙasar Hausa. Da irin wannan ayari Barth da Richardson da Overweg suka iso Tagelel, inda suka rabu a watan Janairu na 1851.

Geron nan shi ya sa doki ya iya zama a bakin hamada. Raƙumi yakan ƙoshi da ƙaya da ganyen itace, amma doki sai hatsi da harawa da dusa da kanwa, da ruwa safe da maraice, da yaron da zai kwana kusa da turke. Saboda haka ya zama dukiyar sarakuna da attajirai, ya zama ƙarfin yaƙin Damagaram a zamanin Sarki Tanimu. Abin da ya yi tsada haka kuwa ba a sayensa da ka. Masani yakan buɗe bakin doki ya karanta shekarunsa a haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa ƙirji da gwiwa, ya sa a yi kilisa da shi, sa'an nan ya tsaya ya saurari numfashinsa. Ya san akawal da kili da biɗi da danda, ya san darajar dokin Abzin. Ba a rubuta wannan ilimi ba. A barga da kasuwa ake gadonsa.

Sukuwa ma tsohuwa ce, ta ranar Salla da naɗin sarauta da biki. Malaman Malikiyya ba su hana ta ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, har da kyauta bisa sharuɗɗa. Abin da suka hana shi ne caca, wato ɗan kallo ya zuba kuɗinsa a kan gudun dokin wani. Daga baya tattalin doki ya yi rauni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka rage dabbobin Damargu, kuma magidancin da rumbunsa ya ƙare ba ya raba tiya guda tsakanin ƴaƴansa da doki. Yau babur ya gaji yawancin aikinsa.

Amma yayin da doki ke raguwa a turke, sai ya dawo Nijar ta wata ƙofa, a kan takarda. Asalin abin a Faransa yake. A 1867 wani mai suna Joseph Oller ya ƙirƙiro tsarin da ake tara kuɗin masu caca wuri guda, a cire kason mai gida, a raba sauran ga waɗanda suka dace. Dokar 1891 ta mai da shi hanyar da hukuma ta amince da ita a filayen sukuwa, ta 1930 ta yarda a karɓi kuɗi a cikin gari, daga nan aka haifi PMU. A 1954 André Carrus ya kawo tiyarse, wato canken dawaki uku na farko, a 1989 aka ƙara kinte mai dawaki biyar. Hukumomin caca na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka suka ɗauki tsarin, a Nijar kuwa LONANI ce ta buɗe rumfunansa a birane. Sai ga jikan mai karanta haƙoran doki yana zuba kuɗi a kan dabbar da ke gudu a Vincennes ko Longchamp, wadda bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gani ba.

Tun da ido ba ya kaiwa, takarda ta maye gurbinsa. Jaridar Paris-Turf da ƙananan takardun hasashe da ake kwafa daga irinta suna jera sakamakon kowane doki da lambobi da haruffa, abin da Faransawa ke kira kiɗan doki: lamba ita ce matsayin da ya zo, harafi kuwa irin tseren. Akwai harafin D, alamar an kore shi. A nan akwai abin da zai ba mahayin Tanut dariya, domin a Vincennes tseren sassarfa ake yi, yawanci doki na jan keke mai ƙafa biyu, kuma wanda ya ɓarke da sukuwa shi ake kora. Abin da muke yi wa kirari, can laifi ne.

To, yaya za a auna waɗannan takardu da littattafan da ke koyar da canke? Sai mai karatu ya fara da lissafi. In dawaki 16 suka fito, hanyoyin jera uku na farko 3,360 ne, na jera biyar kuwa 524,160. Sa'an nan ya tuna cewa ba da kamfani yake karawa ba, da ƴan'uwansa masu caca yake yi, kamfani ya riga ya ɗebi nasa. A ƙaddara mutum 100 sun zuba jaka guda-guda, an cire jaka 30. In 50 suka dace, kowa zai tashi da sefa 1,400. In 5 ne, 14,000. Ke nan hasashen da ya fi yaɗuwa shi ya fi ƙarancin riba ko da ya yi daidai. Amurka ta ga haka da idonta. A 1975 Andrew Beyer ya fitar da littafinsa Picking Winners, mai auna saurin doki da lamba guda bayan an yi la'akari da yanayin fili. Dabara ce ta gaske, ta kuma amfani waɗanda suka riga kowa. Da jaridar Daily Racing Form ta fara buga lambobin a 1992, sai suka shiga hannun kowa, fifikon ya dushe.

A ganina littafin kirki a wannan fanni shi ne wanda ya faɗi kason da ake cirewa tun a shafin farko, ya kuma nuna faɗuwarsa kamar yadda yake nuna nasararsa. Mai sayar da takardar hasashe yakan tuna wa mutane ranar da ya canka, ba ya ajiye lissafin sauran kwanakin wata. Wanda ya adana takardunsa na wata guda ya haɗa abin da ya zuba da abin da ya karɓa, ya gama yi masa hukunci. Kuma da sirrin na kawo dukiya, da wuya a sayar da shi dala ashirin.

A ƙananan filaye abin ya fi tsanani. Kuɗin da ake tarawa kaɗan ne, har mutum guda in ya zuba da yawa shi da kansa yake rage rabonsa. Dawakin kuma sanannu ne, masu su maƙwabtan juna. Balle a sukuwar garuruwanmu, inda babu agogo, babu ma'aunin nauyin mahayi, babu kundin sakamakon bara, nisan ma daga wancan itace ne zuwa gaban sarki. Can babu abin da littafin Beyer zai auna. Wanda ya san dokin da zai zo na fari shi ne yaron barga da ya ga wane ne ya bar harawarsa daren jiya, wane ne kuma ya ɗingisa a hanyar rijiya da asuba.