Saɓanin Shaidu Game da Shigowar Ilmin Musulunci Ƙasar Kano

Manazarta tarihin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa sun daɗe suna dogaro da kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Kundin ya bayyana cewa Wangarawa ne daga Mali, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, suka kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda lissafin Palmer ya ɗora mulkinsa tsakanin 1349 da 1385. Wannan bayani ya shiga littattafan makaranta har ya zama tamkar ba shi da abokin gardama.

Sai dai akwai shi. A 1968 Muhammad al-Hajj ya buga wani rubutun Larabci mai suna Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650. A cikinsa an nuna cewa Zaite ya iso Kano ne a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), har ya yi zamani da al-Maghili. Tazarar da ke tsakanin ruwayoyin biyu ta kai kimanin ƙarni guda. Abin lura kuma shi ne, John Hunwick ya kawo hujjojin da ke nuna cewa an harhaɗa Tarihin Kano ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ke nan kundin da ya fi shahara shi ne ƙarami a shekaru, ko da yake wannan bai hana a ce marubucinsa ya ɗebo daga tsofaffin ruwayoyin fada ba.

Shaida ta uku harshe ne, kuma ita ce masana tarihi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomin “karatu” da “rubutu” ta bakin Barebari suka shigo Hausa, haka nan sarautu irin su Ciroma da Yarima da Galadima asalinsu Borno ne. Da Wangarawa kaɗai suka koya wa Hausawa riƙe alƙalami, da an sa ran samun kalmomin Mande a wannan gurbi. Kalmar aro ba ta zuwa da shekarar shigowarta, don haka ba za ta raba gardamar Yaji da Rumfa ba. Abin da ta tabbatar shi ne alkibla: ilmin allo ya shigo ta gabas, hanyar da ruwayoyin Wangarawa biyun ba su ba ta muhimmanci ba.