Hano da Ƙwayoyin Nano: Sake Duba Batun Kumburin Ƙwaƙwalwa a Ciwon Daji

Tsakure

Maƙalar ta nuna cewa ƙaron hano ya fi gangamau cancantar a zuba shi cikin ƙwayoyin nano, kuma kumburi ya kamata a fara nufa, ba ƙarin kansa ba.

Waiwaye

Giliyobilastoma, wani nau'in ciwon dajin ƙwaƙwalwa, ba ta da sassauci. A gwajin Stupp na 2005, haɗa temozolomide da gashin haske ya kai matsakaicin rayuwar majiyyata wata 14.6 kacal. Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana tare akasarin magunguna. Kreuter ya nuna cewa ƙwayoyin nano da aka shafe da polysorbate 80 suna iya tsallake shi a jikin dabbobi.

Masu bincike sun yi wa sinadarin gangamau, wato kurkumin, rubdugu. Mun saɓa da su. Nelson da abokan aikinta sun bayyana a 2017 cewa sinadarin yana saurin lalacewa, kuma yana yawan yaudarar gwaje-gwajen ɗakin bincike. Lulluɓe shi ba zai kawar da wannan shakku ba.

Hanyar Nazari

An tace ayyukan da aka wallafa, aka fifita gwaji a kan mutane bisa na ɓeraye.

Sakamako

A 2011 Kirste da abokan aiki a Freiburg ta Jamus sun gwada ƙaron Boswellia serrata, ɗan'uwan hano na Indiya, a kan majiyyata 44 da ake yi wa gashin haske, miligiram 4200 kullum. Kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka sha sun sami raguwar kumburi da fiye da kashi 75, alhali a rukunin maganin bogi kashi 26 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga abin da dexamethasone, maganin da aka saba bayarwa don wannan kumburi, ke yi wa majiyyaci: fuska ta yi suntum, sukari ya hau, cinyoyi su saki har tashi daga tabarma ya gagara.

Matsalar ita ce hanji ba ya tsotse sinadarin AKBA da ke cikin ƙaron sosai. Nan ne aikin ƙwayoyin nano na maiƙo yake, tun kafin a zo maganar shingen ƙwaƙwalwa. Binciken jami'ar Ulm na 2019 kuwa ya gano ƙaron hanonmu, Boswellia dalzielii, yana cikin mafi yawan AKBA. Itacen ba baƙo ba ne a karkarar Kano: ana dasa reshensa a shinge, ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda, ana sassaƙarsa a dafa don zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Sai dai sassaƙe ake jiƙawa, ƙaron da sinadarin ya taru a cikinsa kuwa turare aka mayar da shi.

Iyakoki

Dole a amsa cewa mutum 44 kaɗan ne, itacen Indiya aka gwada, kuma gwajin bai nuna ƙarin tsawon rai ba. Jiƙon sassaƙe ba zai maye gurbin hoton ƙwaƙwalwa da ganin likitan tiyata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba.